Tafiya Ƙasar Waje da Kayan Miya da Tsaraba: Yadda Ake Shirya Su Har Su Wuce Kwastam

Tambayoyin da masu karatu suka fi aiko mana a kan tafiya ba su wuce waɗannan ba: ana barin kilishi ya shiga Ingila? Daddawa fa, za ta wuce a Amurka? Me ya sa aka karɓe wa wance shinkafarta alhali an bar wa ta gabanta garin tuwo? Ga bayanin daki-daki, tun daga baje kaya a tsakar gida har fita daga filin jirgin can. Mun fi ba da ƙarfi ga Ingila, Amurka, ƙasashen Tarayyar Turai da Saudiyya, don nan ne mutanenmu suka fi nufa da jakar abinci.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga farko. A ƙasashen Turawa, zuwa da abin da aka hana ba shi ke jawo tara ba, ɓoye shi ne ke jawo ta. Wanda ya ce "ga abin da na zo da shi", iyakacinta a karɓe a jefa a kwandon ƙonawa. Saudiyya kuwa lissafinta daban ne, za mu zo kanta.

1. San dokar inda za ka sauka

Dokar ƙasar da za ka shiga ita ce abin dubawa. Abin da aka bar ka ka fita da shi daga Kano ko Abuja ba hujja ba ne a Landan. Kuma dokokin nan suna sauyawa da zarar wata cutar dabbobi ta ɓulla. A watan Afrilun 2025, misali, Birtaniya ta hana matafiya shigo da nama da kayan madara ko daga ƙasashen Tarayyar Turai ne, saboda ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru. Don haka mako guda kafin tafiya ka leƙa shafin gwamnatin ƙasar a intanet, ko ka sa wanda za ka sauka wajensa ya duba maka.

Hattara: "ai Hajiya ta wuce da shi bara" ba doka ba ce. Ta yiwu ba a buɗe jakarta ba ne kawai.

2. Baje kayan, ka ware su kashi-kashi

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, kuma a gida ake yin sa, kafin a sayi abu mai tsada. Shimfiɗa tabarma, a fito da duk abin da kai da 'yan uwa kuka tanada.

Nama. Kilishi, dambun nama, tsire, soyayyen naman Sallah, ganda, busassun kayan ciki, soyayyiyar kaza ko zabo: duk a ajiye su gefe, ba za su shiga Ingila, Amurka ko Tarayyar Turai ba. Babu ruwansu da cewa ya bushe ƙayau, ko an ƙulle shi a ledar kamfani mai lambar NAFDAC. Ƙwayar cutar boru tana iya rayuwa a busasshen nama, kuma Birtaniya ba ta manta da annobar 2001 ba, lokacin da aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6. Kilishi shi ne abin da aka fi karɓe wa Bahaushe, kuma shi ne ya fi cin kuɗi. A ci shi a gida kafin a tashi.

Naman daji ya fi haka muni. Gafiya, barewa, biri, ko wane iri ne, an banda shi ko ba a banda ba, Amurka ta sa masa tarar da za ta iya kaiwa dala 250,000. Haka nan dodon koɗi mai rai, ba a shiga da shi Amurka.

Madara. Nono, kindirmo, cuku, man shanu, madarar gari ta gwangwani da tuwon madara ba sa shiga Ingila ko Tarayyar Turai. Rangwamen da aka yi na madarar jarirai ne da abincin mara lafiya, har kilo 2, a cikin gwangwaninsa na kamfani da ba a buɗe ba sai in ana cikin amfani da shi, kuma wanda ba ya buƙatar firji. Amurka tana barin man shanu da cuku mai tauri, amma ba ta barin nono. Fura ita kaɗai gero ce da kayan ƙamshi, sai dai ɗanyar fura ba ta jure tafiya, gara garinta.

Dunƙulen miya. Nan mutane da yawa ke faɗawa ba su sani ba. Ingila tana barin dunƙulen Maggi ko Knorr na kamfani. Amurka kuwa sai an juya bayan ledar an karanta: in akwai naman kaza, kitsen kaza ko ruwan naman shanu a cikin abin da aka haɗa, karɓewa za a yi. Haka ma taliyar leda mai ɗanɗanon kaza, saboda ɗan ƙullin garin da ke cikinta.

Kifi. Wannan yana da sauƙi. Ingila da Tarayyar Turai suna barin har kilo 20 ga mutum ɗaya, banda ne, busasshe ne ko dafaffe. In ɗanye ne sai an cire kayan cikinsa. Amurka ma tana barin na ci a gida idan aka bayyana shi. Matsalar kifi banda ita ce ƙwari. A fasa kan tarwaɗa ɗaya a duba, in aka ga tsutsa ko ɗan baƙin ƙwaro, duk ƙullin zai tafi.

Zuma da fara. Ingila tana barin zuma har kilo 2. Naman ƙwari ma yana cikin jerin abin da ake bari a wannan awon, wato soyayyiyar fara tana da hanya. Ka haɗa su duka kada su wuce kilo 2, kuma zumar ta zama tatacciya, ba mai saƙa ba.

Ɗanyun kaya. Doya, dankali, albasa, ɗanyar citta, attarugu, tattasai, gauta, yalo, ɗanyen zogale da ɗanyen goro duk layi ɗaya suke. Ingila da Tarayyar Turai ba sa barin yawancinsu sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai. Akwai 'yan kaɗan da aka yafe wa takarda. A Tarayyar Turai su ne abarba, ayaba, kwakwa, dabino da wani ɗan itacen Asiya mai suna duriyan. Jerin Birtaniya ya ɗan fi faɗi, ya haɗa da mangwaro, gwaba da lemo. Amurka kusan duk ɗanyen 'ya'yan itace da kayan lambu na matafiyi karɓewa take yi, har da mangwaron da Ingila ta bari.

Hatsi da iri. Akwai wani ƙwaron rumbu da ake kira khapra, wanda Amurka ke tsoro ƙwarai, kuma Najeriya, Nijar, Sudan, Mali da Saudiyya duk suna cikin ƙasashen da ta lissafa yana cikinsu. Saboda shi ne matafiyi daga waɗannan ƙasashe ba ya shiga Amurka da shinkafa ko waken suya, ko da mudu ɗaya ne. Ingila tana barin shinkafa. Wake, gero, dawa, masara, gyaɗa mai ɓawo da agushin da ba a niƙa ba duk ana yi musu kallon abin da zai iya tsira ko ya ɓoye ƙwaro. Waken Najeriya ma yana da tabo na daban a Turai, don tun 2015 aka dakatar da shigo da shi na kasuwanci saboda maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa. Mafita ita ce a niƙa. Garin ɗanwake, garin kunu, garin masara, niƙaƙƙen agushi da ƙuli-ƙuli sun fi wucewa lami lafiya. Irin shuka kuwa, na kuɓewa ko na rama da wasu ke son gwadawa a bayan gida, ba a ɗauka sai da takarda.

Busassun kayan miya. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, busasshen zogale, zoɓo, daddawa, yaji, barkono, masoro, kimba, kanumfari, busasshiyar citta, garin rogo. Waɗannan ne gatan matafiyi. Muddin sun bushe sarai, babu ƙasa, babu ƙwari, babu 'ya'ya a ciki, yawanci dubawa ake yi a mayar maka. Tsamiya a cire mata ƙwallo. Alkaki, nakiya, dubulan, cincin da gireba ma ba su da matsala.

3. In Saudiyya za ka

Kowace shekara hukumar alhazai ta ƙasa da ta jihohi suna maimaita wa maniyyata cewa kada a ɗauki goro, kuma kowace shekara sai an samu wanda ya cusa shi a cikin garin tuwo ko a tsakiyar zannuwa. Haramtacce ne a can, kuma ba irin abin da ake karɓewa a ce maka wuce ba ne kawai: yana iya kai mutum ga tsarewa har aikin da ya je yi ya wuce shi. Namijin goro ma a bar shi a gida.

Magunguna sun fi goro haɗari. Tramadol, maganin tari mai kodin da ƙwayoyin sa barci suna ƙarƙashin doka mai tsanani, kuma hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. Mai hawan jini, ciwon suga ko wata larura ya ɗauki maganinsa a cikin kwalinsa na asali, da takardar likita mai ɗauke da sunansa kamar yadda yake a fasfo, kuma daidai kwanakin da zai yi. Kada a ɓare ƙwayoyi a zuba su a leda ɗaya don rage wuri. Jami'in da ya ga fararen ƙwayoyi babu suna ba shi da hanyar sanin na mene ne.

Wannan ƙa'idar ta magani ta shafi sauran ƙasashe ma. Birtaniya tana barin mutum ya shigo da irin waɗannan magunguna na abin da bai wuce wata 3 ba, da wasiƙar likita.

Sassaƙe, saiwoyi, garin magani na gargajiya da kayan mata su ma suna jawo tsaiko a ko'ina. Ɓawon itace da saiwa suna ɗauke da ƙasa da ƙwari, garin da ba shi da suna kuwa sai an gwada shi kafin a sake ka. Wanda kuma aka haɗa da nama, kamar kazar amarya ko tsimin da aka dafa da wani sashe na dabba, hukuncinsa na nama ne.

4. Takardar tsirrai, in har kana buƙatarta

A Najeriya hukumar NAQS ce ke duba kayan gona masu fita ta ba da takardar shaidar lafiyar tsirrai, kuma tana da jami'ai a manyan filayen jirage, har da na Malam Aminu Kano, na Nnamdi Azikiwe a Abuja da na Murtala Muhammed a Legas. Ka je da kayan kwana biyu ko uku kafin tafiya, a buɗe, a duba, a rubuta sunan kowane abu da nauyinsa. Kuɗin ya danganta da irin kaya da yawansu. Ka biya ta hanyar da gwamnati ta tanada ka karɓi rasit, kada ka miƙa wa kowa a hannu.

Hattara: takardar nan ta tsirrai ce. Ba ta halatta kilishi, ba ta halatta man shanu, ba ta buɗe wa shinkafa ƙofar Amurka. Duk wanda ya ce zai yi maka takardar da nama zai wuce da ita, kuɗinka yake so. A ganinmu, in doya biyu ce ko attarugu rabin kwano, wahalar ta fi ribar, don shagunan 'yan Afirka a Landan, Manchesta ko Houston suna sayar da su.

5. Busarwa, kashe ƙwari da ƙullawa

Ka fara wannan aikin aƙalla kwana goma kafin tafiya.

A sake shanya komai, ko da mai sayarwa ya rantse ya bushe. Daddawa musamman: a farfasa ta, a baza a faranti a rana kwana biyu ko uku har ta riƙa karyewa, sannan a daka. Mai danshi tana yin fumfuna a hanya, kuma warinta yana ratsa leda uku ya kama tufafi. Kuka da karkashi a tankaɗe su da rariya mai laushi. Zoɓo a tsince, a fitar da ƙwallayen 'ya'yan da ke maƙale a ciki, don su ne ake kira iri.

Bayan nan a ƙulle kowane gari da kifi a leda mai kauri a sa a firiza na kwana huɗu zuwa bakwai. Sanyin yana kashe ƙwaro da ƙwansa. Idan aka fitar, kada a buɗe ledar sai ta huce gaba ɗaya, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan garin ya dunƙule. Inda wuta ba ta tsayawa, a gasa kifin sama-sama a tanda ko a kan garwashi mara ƙarfi har ya yi ƙaras, a bar shi ya sha iska.

Hattara: kada a fesa wa abinci maganin ƙwari ko a jefa ƙwayar rumbu a cikin jaka. Guba ce, kuma warinta kaɗai ya isa a ƙwace kayan.

Wajen ƙullawa, leda mai haske wadda ake ganin abin da ke ciki ita ce daidai. Mai na'urar zuƙe iska ya yi amfani da ita, wanda ba shi da ita ya sa a leda mai zif biyu, ɗaya cikin ɗaya. Rabin kilo ko kilo ɗaya a kowane ƙulli ya fi babban ƙulli guda, saboda in aka ga ƙwaro a ɗaya, shi kaɗai za a ɗauke. A guji baƙar leda, takardar siminti, tsohuwar jarida, ganye da buhun algarara. A guji kuma naɗe ƙulli da salatif har ya zama kamar dutse. Haka masu safarar ƙwaya suke ƙulla nasu, kuma da wuƙa za a farke shi a gabanka, ka rasa abin da za ka mayar da garin a ciki.

Sai rubuta suna. Kowane ƙulli a manna masa takarda da sunansa da Turanci, ko da harshen ƙasar da za a je. Kuka a rubuta baobab leaf powder, daddawa locust beans, zoɓo dried hibiscus, kuɓewa dried okra, kanwa potash. Koren garin kuka da ba shi da suna, ko farin dutsen kanwa, ba ƙaramin ɓata lokaci suke jawowa ba a gaban jami'in da bai taɓa ganinsu ba. Daga nan ka rubuta jerin kayan duka a takarda ɗaya, da nauyin kowanne, ka sa a aljihun da fasfonka yake.

6. Shirya akwati

Abinci duka a akwati ɗaya, kuma a sama-sama. Idan aka ce buɗe, akwati ɗaya za a buɗe, ba za a zazzage maka kayan sawa a bainar jama'a ba. Yawancin jiragen ƙasa da ƙasa suna ba da kilo 23 a kowace jaka ga mai ƙaramin tikiti, kuma ba sa karɓar jaka ɗaya da ta wuce kilo 32 ko za ka biya. Ka auna a gida. Kuɗin ƙarin nauyi a kantar filin jirgi ya fi tsada a kan wanda aka biya tun da wuri ta intanet, kuma sau da yawa ya fi kuɗin garin da ake ƙoƙarin wucewa da shi.

Manja: kamfanonin jirage da yawa ba sa ɗaukarsa sam, saboda in ya fashe yana ɓata kayan wasu. Ka tambayi kamfanin kafin ka saya. Zuma da man gyaɗa a zuba su a robar da murfinta ke ɗaurewa, a bar ɗan sarari a sama, a sa leda a bakin kafin a murɗa murfin, sannan a saka cikin wata ledar.

Jakar hannu ba wurin kayan miya ba ce. Abu mai ruwa ba ya wuce mililita 100 a kowace kwalba a yawancin filaye, kuma zuma da tunkuza mai laushi duk a ruwa ake lissafa su. Jirgin da zai shiga Amurka, gari a jakar hannu in ya wuce mililita 350 sai an yi masa bincike na daban, ana iya hana shi ma.

Kayan da ba na ci ba amma na tsiro ko na dabba su ma a duba su: ƙwarya, ludayi, muciya, faifai, tabarmar kaba, buzu da turaren wuta na itace. In itacen yana da ƙananan huji ko yana zubar da gari, ƙwaro na ciki. Takalmin da aka shiga gona ko garke da shi a wanke tafinsa tas. Jaka ko takalmi na fatar kada ko mesa, da duk abin da aka yi da hauren giwa, suna ƙarƙashin yarjejeniyar kare namun daji ta duniya, ba sa wucewa sai da izini na musamman.

7. Saƙon mutane

Da an ji za ka tafi, saƙo zai fara zuwa: "don Allah ka kai wa ɗana wannan." Duk abin da ke jakarka naka ne a idon doka. Saboda haka kowane saƙo a buɗe shi a gaban mai shi, a zazzage, a sake ƙullawa a ledarka. Gwangwanin da aka liƙe, sabulu, takalmi mai kaurin tafi, kwalin da aka ce "magani ne kawai", in ba za a buɗe ba kada ka karɓa, ko na wane ne. Wanda ya ji haushi ya ji. A filin jirgi kuwa ba a karɓar komai daga hannun kowa, ko tsohuwa ce ta ce nauyi ya yi mata yawa.

8. A filin jirgin gida

Ka isa awa uku ko huɗu kafin tashi. Jami'an kwastam, na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi NDLEA da na NAQS suna iya buɗe jakar. Ka tsaya a kanta har a rufe, sannan ka sa kwaɗo ko a naɗe ta da leda. A kantar kamfanin jirgi, ka ƙirga 'yan takardun shaidar jaka da aka manna maka a tikiti, ka tabbatar adadinsu ya yi daidai da jakunkunan da ka bayar. An taɓa kama masu manna sunan fasinja a jakar da ba tasa ba, mai ƙwaya a ciki, fasinjan bai sani ba sai da aka kama shi a Saudiyya. Ka ɗauki hoton jakunkunanka a kan sikeli da hoton takardun, ka tura wa wani a gida.

9. Cikin jirgi da cike fom

Abincin da aka raba a jirgi a cinye shi ko a bar shi a jirgi. A 2018 an ci tarar wata mata dala 500 a Amurka saboda tuffa guda da aka ba ta a jirgi ta jefa a jaka. A 2022 wani da ya sauka a Darwin ta Ostareliya daga Bali ya biya dalar ƙasar 2,664 saboda burodi mai nama da ƙwai da bai bayyana ba. Kafin sauka a laluba jakar hannu da ta yara, a fitar da ragowar lemo, ayaba ko naman da aka yi guzuri.

Wasu ƙasashen suna raba fom a jirgi, wasu a na'ura ake amsawa, wasu kuma jami'i ne zai tambaye ka baki da baki. Tambayar ɗaya ce: kana ɗauke da abinci, tsiro, iri, nama ko wani abu na dabba? Amsarka "e" ce, ko da yaji ne kaɗai. Kada ka yanke wa kanka hukuncin cewa garin kuka ai ba abinci ba ne. In an tambayi ko ka shiga gona ko ka kusanci dabbobi kwanan nan, mai kiwo a gida ko wanda ya je kara sayen rago ya ce e. Abin da zai biyo baya bai wuce a duba takalmansa a wanke ba.

10. Bayan sauka

A Amurka, a filin da ka fara sauka ake duba kaya, ko da akwai wani jirgin da zai ƙarasa da kai wani gari. Ka bar tazarar awa uku tsakanin jiragen biyu in kana da abinci. A wajen ɗaukar kaya za ka ga ƙananan karnuka masu dogon kunne suna zagayawa da jami'ai. Abinci aka koya musu nema, kuma in kare ya zauna a gefen jakarka, an gama magana. Kilishin da aka naɗe a cikin zani, aka zuba masa turare, aka tura ƙasan akwati, ba ya ɓuya gare su.

A Ingila da Turai ƙofa biyu ce ta shafe ka: koriya ta wanda ba shi da abin bayyanawa, ja ta mai shi. Shiga koriyar ƙofa daidai yake da ka ce ba ka da komai. Mai jakar abinci da yake shakkar ko da abu ɗaya ne ya bi ja. In babu jami'i a wurin, akwai wayar da aka tanada a gefen, ka ɗauka ka yi magana.

A gaban jami'i ka miƙa jerin da ka rubuta, ka ɗora akwatin abincin, ka bar shi ya buɗe da kansa. Abin da aka tambaya shi za ka amsa. In an ce "akwai nama?" kuma akwai, ka nuna. Wanda bai jin harshen ya nemi tafinta, kuma dattijon da zai yi tafiya shi kaɗai a rubuta masa jerin da lambar wayar mai tarbarsa. Kada a yi gardama, kada a roƙa, kada kuma a kuskura a nuna kuɗi. Abin da ake kira "na goro" a hanya, a can laifin cin hanci ne mai zaman kansa.

11. In an karɓe ko an ci tara

Abin da ka bayyana aka ce ba ya shiga, za a ɗauke a lalata, ka wuce ba ka biya komai ba. Wanda aka gano bai bayyana ba, a Amurka tarar tana farawa yawanci daga dala 300, tana iya kaiwa 1,000 a karon farko, ta fi haka in kayan sun yi kama da na sayarwa. A Ingila tana iya kaiwa fam 5,000. Ostareliya tana iya soke bizar baƙo nan take ta mayar da shi, ta hana shi dawowa har shekara 3. Bayan tarar kuma sunanka ya shiga kwamfuta, kusan duk zuwan da za ka yi sai an ware ka an buɗe kaya. Duk takardar da aka ba ka, ta ƙwacewa ko ta biya, ka adana ta.

12. Kuɗi da sauran tsaraba

Tsabar kuɗi ba a hana tafiya da su ba, kuma ba a cire haraji a kansu, bayyanawa kawai ake so. Iyakar ita ce dala 10,000 wajen fita ko shiga Najeriya, haka ma Amurka, fam 10,000 a Birtaniya, yuro 10,000 a Tarayyar Turai. A Amurka da Birtaniya kuɗin iyalin da ke tafiya tare a haɗe ake lissafa su, don haka raba wa mata da yara a aljihu ba dabara ba ce. Ka riƙe takardar banki ko ta canji da ke nuna inda kuɗin suka fito.

Tsarabar da ba ta ci ba tana da iyakar da ba a biyan haraji: fam 390 a Birtaniya, yuro 430 ga mai shiga Tarayyar Turai ta jirgin sama, dala 100 na kyauta ga baƙo a Amurka, dala 800 ga mazaunin ƙasar da ya dawo. A Birtaniya in kayan suka haura iyakar, a kan kuɗinsu duka ake biya, ba a kan rarar ba. Yawa ma yana magana: turmin atamfa uku tsaraba ce, talatin iri ɗaya kasuwanci ne, haka hula hamsin ko kwalaben humra katan guda. Ka riƙe rasit ɗin duk abin da ke da tsada, don in babu, jami'in ne zai yanka masa farashi.

Alhazai masu dawowa kuma kada su zuba ruwan Zamzam a gora su cusa a akwati. Ana haska kayan, a fitar da shi, wani lokacin jakar ta yi ta zama a can bayan mai ita ya iso gida. Lita 5 ake ba kowane mahajjaci, a mazubinsa na musamman da aka liƙe, ta hanyar da kamfanin jirgi ko hukumar alhazai suka tsara a wannan shekarar.